Hukuncin Sanya Na'urar Da Ke Nuna Wa Mutum Duniya Da Idon Jaki

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah shi gafarta Malam. Ni ɗalibin kwamfuta ne, Mabera nike zaune nan Sakkwato. Ni da abokaina muna haɗa wani baje koli: mutum zai sa tabarau mai rufe ido ruf, da riga mai girgiza jiki, sai ya ga kamar shi ne jaki ɗauke da mangalar rairai daga gulbi zuwa cikin gari. In sanda ta sauka cikin hoton, rigar ta girgiza mai baya. An yi irinsa a wani daji a Ingila a 2015, mutane na kallon dajin da idon sauro, mazari, kwaɗo da mujiya. Niyyarmu a ji tausayin dabba. Mun shirya mai kallo ya yi rarrafe bisa tabarma don abin ya shige shi, kuma za mu ɗaura kamara ga goshin jaki mu ɗauko hoton hanya. Wani malami ya ce mini haramun ne, wai kamanta kai ne da dabba. Mi ne ne hukunci?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya kafin ka fara.

Sanya tabarau da rigar halal ne. Hoton da ke cikin gilashi ba gunki ba ne, ba shi da jiki balle inuwa, don haka ba a nan matsalar take ba. Kalma ɗaya ce a wasiƙarka ta tsayar da ni, wato rarrafe. Zan dawo kanta.

Malamin da ya hana ka, ba da ka ya yi magana ba. Annabi (SAW) ya hana mai sallah koton hankaka, da shimfiɗa damatsa irin na kare. Allah ya buga misali da kare a Suratul A'araf, da jaki a Suratul Jumu'a, duk wajen zargi, ya kuma ce ya girmama 'yan Adam. Sai dai kamantawar da aka hana aiki ce: ka yi abin da dabba ke yi, ko ka fitar da muryarta. Shaihul Islam Ibn Taimiyya, wanda masu wannan ra'ayi suka fi dogaro da shi, ya ƙayyade maganar da abubuwan da shari'a ta zarga, ya ba da misali da haushin kare da kukan jaki. Wanda ke zaune bisa kujera da tabarau a ido, wanne ya yi cikin waɗannan? Kallo yake. Ayar Jumu'a kuwa mutanen da aka ɗora wa Attaura ba su yi aiki da ita ba take zargi. Jakin da ke ɗauke da littattafai aikinsa ya yi, ba shi da laifi.

Ƙari a kan haka, auna wahalar dabba da taka wahalar abu ne da aka yaba. Mutumin nan da ya shayar da kare, cikin hadisin da ke Muwaɗɗa da Bukhari da Muslim, me ya fara cewa kafin ya koma rijiya ya cika huffinsa? Cewa ya yi ƙishirwar da ta kama ni ita ce ta kama wannan karen. Ya sa kansa a matsayin kare cikin zuciyarsa, Allah ya gode masa ya gafarta masa. Kuma Alƙur'ani da kansa, a aya ta 18 ta Suratun Naml, ya nuna mana rundunar Annabi Sulaiman daga inda tururuwa ke hango ta, tana tsoron a tattake su. In ganin duniya daga wurin dabba ƙasƙanci ne, yaya za a yi da wannan ayar?

Amma da zarar ka sa magidanci ya duƙa da hannu da gwiwa a gaban jama'a, hujjar malamin nan ta hau kanka. Mafi ƙarancinsa makaruhi ne. In aka haɗa da kukan jaki, samari na dariya suna ɗauka da waya su watsa a TikTok, to ya zama wulaƙanta Musulmi, haramun ne. Kada wani ya kawo maka riwayar cewa Annabi (SAW) ya yi rarrafe Hasan da Husaini na bayansa. Isnadinta mai rauni ne, kuma ko ta inganta, kaka ne da jikokinsa cikin gida. Ka ɗauke tabarmar ka sa kujera. Mace kuwa 'yar'uwarta mace ta ɗaura mata kayan, don ɗaurin sai da taɓa kai da kafaɗa. Rigar ta tsaya ga girgiza, ban da zafi ko jan wuta, kuma ka faɗa wa mutane tabarau ɗin na sa wasu jiri.

Abin da ba ka tambaya ba ya fi damuna: jakin da za ku ɗaura wa kamara. Na san halin masu ɗaukar hoto, in sanda ba ta fito da kyau ba sai su ce a sake. Duk sandar da aka ƙara don kamararku kuna da kamasho cikin zunubinta. Wata rana da zafin bazara, kusa da kasuwar Kara, na ga an ɗaga akumarin wani jaki, ga miki kamar tafin hannu ƙuda sun baibaye shi, yaron da ke kora shi kuma daidai wurin yake tsikara da tsinin sanda, don ya gane nan ne jakin ya fi ji. Irin wannan kuke son gyarawa, kada ku biya kuɗi a maimaita muku shi. Shaihu Khalil a Mukhtasar ya ce ciyar da dabba wajibi ne kan mai ita in babu wurin kiwo, in ya ƙi a sayar da ita, haka ma in ya ɗora abin da ba a iya ɗauka. Ku nemi jaki mai lafiya, kaya daidai ƙarfinsa, da sanyin safiya. Saukar sandar ku ƙirƙira ta a kwamfuta, ai sana'arku ce. Ku biya mai jakin haƙƙinsa, kada kuma ku mai da shi abin tsana cikin hoton. Talaka ne mai neman abin sa wa bakin salati, gayyatarsa ya kamata ku yi ya fara sa tabarau ɗin.

Kada ku rubuta cewa wannan shi ne abin da jaki ke ji. Idanunsa a gefen kai suke, yana hango kusan duk kewayensa, tabarau ɗinku kuwa gaba kawai yake nunawa. Ku ce kwatanci ne. In kuma wata ƙungiya ta zo da tallafi bisa sharaɗin ku koyar cewa mutum da dabba daraja ɗaya ne, ko yanka da layya zalunci ne, ku bar musu kuɗinsu. In an kira sallah a cire tabarau.

Wallahu a'alam.