Fagen Turanci: Wa ake kira "evil"?

Tambaya: Malam, na rubuta a insha'i cewa shugaban ajinmu "evil" ne saboda tsananinsa, sai malama ta ja mini jan biro. Ashe ba mugu take nufi ba? Ina bambancinta da "wicked"? Ɗaliba daga Zariya.

Amsa: Malama ta yi daidai, 'yata, kin ɗauki gatari ne don kashe sauro. A Turancin yau "evil" ta tsaya ga muguntar da ta kai maƙura, wadda aka yi da gangan, kamar kisan kiyashi ko azabtar da yara. Shi ya sa 'yan siyasa ke sonta: a 2002 shugaban Amurka na lokacin, George W. Bush, ya kira Iran da Iraƙi da Koriya ta Arewa "axis of evil", wato ƙawancen sharri. Mai tsanani "strict" ne, mai zafin hukunci "harsh", mai ƙeta kuwa "cruel".

Da ba haka take ba. A tsohon Turanci "yfel" ake rubuta ta, kuma duk abin da ba shi da kyau ana kiransa haka, har abinci da ciwo. Daga baya "bad" ta karɓe wannan aikin, ta bar mata mai nauyin.

"Evil" tana zuwa sifa, "an evil man", tana kuma zuwa suna. In sharri ake nufi gaba ɗaya ba a sa mata "an" ko "s": "good and evil", alheri da sharri. In illoli ake ƙirgawa sai a sa: "the evils of gambling", illolin caca. "The lesser of two evils" kuwa shi ne gwamma da gwamma, wato mai dama-dama cikin munana biyu.

Inda Bahaushe ya fi tuntuɓe shi ne kalmar sharri. "Ya yi mini sharri" ƙazafi ne, don haka "he falsely accused me" za ki ce. In kika ce "he did evil to me", Bature ba zai ji maganar ƙage a ciki ba sam.

Ita "wicked" ta fi sassauci. A Najeriya ana jifan marowaci da ita, da mai gidan haya da ya ƙara kuɗi. A Ingila ta fi fitowa a tatsuniya da littattafan addini, matasa kuma kan yi yabo da ita, kamar yadda muke cewa riga ta yi mugun kyau. "Evil" ba ta cika karɓar wannan wasa ba.

Kada kuma kama ta ruɗe ki: "devil" ba daga "evil" ta fito ba. Asalinta "diabolos" ne na Girkanci, mai ƙage ke nan, kuma masana da dama na ganin Iblis ma daga nan ta samo tushe.