Hukuncin Masu Ɓata Katangun Unguwa da Rubutu, da Hanyar Gyara Ɓarnar

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Malam, Allah ya ƙara lafiya. Wasu samari sun addabi unguwarmu da fesa fenti a katangun gidaje cikin dare. Suna rubuta laƙabinsu da sunan gungunsu, wani lokaci ashar, har akwai inda aka rubuta sunan wata yarinya aka jingina mata alfasha. A wata katanga da ke bakin kwata kuma wani ya rubuta aya, wai don a daina fitsari a wurin. Mun shafe wasu da fenti amma rubutun ya sake fitowa. Yanzu wasu na cewa a yi kwanto a kama su a lakaɗa musu duka, kuma ana zargin ɗan wani maƙwabcinmu. Mene ne hukuncin wannan aiki? Wa zai biya kuɗin gyara? Ya halatta mu shafe rubutun da ke katangar wanda ba ya gari, da wanda ke da sunan Allah?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, yin rubutu ko zane a katangar wani ba da yardarsa ba haramun ne, ko da abin da aka rubuta kalma ce mai kyau. Katanga dukiya ce, kuma a Hajjin Bankwana, shekara ta 10 bayan Hijira, Annabi (SAW) ya ce jinanenku da dukiyoyinku da mutuncinku haramun ne a tsakaninku, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito. Haka nan hadisin da Imamu Malik da Ibnu Majah suka kawo: babu cuta, babu cutarwa. Idan katangar ta makaranta ce ko masallaci ko gada, laifin bai ragu ba, domin masu haƙƙin sun ƙaru ne, kuma neman yafiyarsu ya fi wuya. Idan ta maƙwabci ce, an haɗa da saɓa wa rantsuwar da Annabi (SAW) ya yi sau uku cewa wanda maƙwabcinsa bai tsira daga sharrinsa ba bai yi imani ba.

Abin da aka rubuta yana ƙara wa laifin nauyi. Ashar a bakin hanya, inda yara ke koyon karatu da duk abin da idonsu ya faɗa a kai, saɓa wa haƙƙin hanya ne, wanda ɗaya daga cikinsa kame cuta ne. Amma abin da ya fi tayar da hankali cikin tambayarka shi ne sunan yarinyar nan. Jifan kamammiyar mace da zina yana cikin manyan zunubai bakwai masu halakarwa, kuma aya ta 4 a Suratun Nur ta yanka wa mai yin sa bulala tamanin idan bai kawo shaidu huɗu ba. Ko haddi ya tabbata da rubutu ko bai tabbata ba, wannan aikin alƙali ne. Abin da ke kanku shi ne ku shafe wannan rubutu yau, kafin duk wani taro ko shawara. Kada kowa ya ɗauki hotonsa ya tura a zauren WhatsApp na unguwa da sunan nuna takaici, domin mai turawa ya zama mai yaɗa alfasha, wanda aya ta 19 ta surar ta yi wa gargaɗi. Hoto ɗaya ya isa, a ajiye shi a hannun iyayenta ko wanda zai kai ƙara.

Game da biya: ƙa'ida ita ce wanda ya ɓata shi ke gyarawa. Lokacin da ɗaya daga cikin iyayen muminai ta fasa akushin abokiyar zamanta, Annabi (SAW) ya ɗauki lafiyayyen akushi daga ɗakinta ya mayar wa mai shi. Malaman Malikiyya sun rarrabe ta'adi gida biyu. Idan ɓarnar ta kashe amfanin abin gaba ɗaya, mai shi yana da zaɓi tsakanin karɓar ƙimarsa ko riƙe shi tare da karɓar abin da ya ragu. Idan ba ta kashe amfaninsa ba, sai mai ɓarnar ya gyara, ya kuma biya abin da ya ragu na daraja bayan gyaran. Rubutun katanga yana cikin kashi na biyu. Don haka abin da ke kan mai ɓarnar shi ne kuɗin kayan aiki da ladan mai fenti, gwargwadon abin da zai mayar da wannan fuskar katangar yadda take. Bai halatta mai gida ya fake da wannan ya sa a sabunta masa fentin gida duka ba. Amma yana da haƙƙin ƙin yarda da faci, domin faci mai launi daban shi ma aibi ne.

Idan yaro ne wanda bai balaga ba, babu zunubi a kansa saboda an ɗauke masa alƙalami, amma biyan ɓarna bai faɗi ba, domin haƙƙin mutane bai rataya ga balaga ba. Ana biya daga dukiyar yaron idan yana da ita. A asali ba a tilasta wa uba ya biya daga aljihunsa sai idan shi ya sa shi, ko an sanar da shi ya yi ko-in-kula har ɓarnar ta maimaitu. Inda dokar ƙasa ta ɗora wa iyaye biya, sai a bi ta. A ganina uba mai mutunci ba ya jiran a kai ga wannan bincike: ya biya, ya kuma sa yaron ya riƙe buroshi da hannunsa. Wanda ya ba wa ƙaramin yaro fenti ya ce ya rubuta masa talla ko sunan ɗan takara, biyan a kan mai aiken yake. Idan kuma baligi ne aka aika, wanda ya fesa shi ke biya, zunubin kuma su biyu.

Maganar kwanto da duka kuwa, ban ga halaccinta ba. Ladabtarwa a kan laifi irin wannan ta'aziri ce, wato horon da shari'a ba ta yanka masa haddi ba, kuma ta'aziri na hannun hukuma ne. Dukan taron dangi ba shi da ma'auni. Sanda ɗaya a ka ta isa ta mayar da rigimar gwangwanin fenti ta zama maganar jini, masu neman haƙƙi su koma ana bin su diyya ko ƙisasi. Wanda kuka kama yana cikin yi, ku riƙe shi da gwargwadon abin da zai hana shi gudu, ku kira iyayensa ko jami'an tsaro. Ɗan maƙwabcin da ake zargi kuma, da me ake zarginsa? Hujja ita ce a gan shi, ko ya amsa da bakinsa, ko hoton kyamara ya nuna fuskarsa sarai. Kamannin rubutu, ko ganin sa da abokan banza, ko ɗigon fenti a riga, alamu ne da suka isa a je a yi magana da mahaifinsa a asirce, ba su isa a ambaci sunansa a taro ba. Allah ya ce ku nisanci da yawa daga zato, ya hana bin diddigin asirin mutane, duk a aya ta 12 ta Suratul Hujurat. Ku aika dattawa biyu masu sanyin baki. Yaron da aka rufa wa asiri aka ba shi aikin gyara ya fi saurin dainawa a kan wanda aka kunyata a gaban sa'o'insa, domin yawancin masu wannan aiki suna ne suke nema, kuma hayaniya ƙarin suna ce gare su.

Katangar wanda ba ya gari ba a taɓa ta sai da izininsa, ko da niyyar gyara ce, tunda shi ya san launin da yake so, wataƙila kuma yana son rubutun ya tsaya har ya kai ƙara. A kira shi a waya ko a tambayi wakilinsa, kuma ɗan haya ya sanar da mai gida. An togace abu ɗaya: idan rubutun ƙazafi ne ko zagin wani da suna ko hoton batsa, kuma an nemi mai katangar ba a samu ba, ya halatta a rufe wurin kaɗai da abin da ya fi sauƙin gyarawa daga baya, a sanar da shi da zarar an same shi. Karo-karon kuɗi don gyaran katangun unguwa kuwa taimakekeniya ce a kan alheri, amma da yardar rai. Wanda bai bayar ba ba a goranta masa.

Shafe aya ko sunan Allah daga katangar bakin kwata ya halatta, wajibi ne ma, domin barin sa a inda fitsari da ƙazanta ke fallatsa shi ne wulaƙancin. Niyyar wanda ya rubuta ba ta gyara aikin ba: ya mayar da maganar Allah garkuwar katanga, kuma idan wani ya yi fitsari a wurin bai lura ba, mai rubutun na da kaso a abin da ya faru. Sahabbai sun ƙone rubuce-rubucen Alƙur'ani a zamanin Sayyidina Usman don kare shi, to gogewa don karewa ta fi sauƙi. A rufe shi da fenti har harafi ya daina bayyana. Idan kankarewa za a yi, a shimfiɗa leda ko buhu a ƙasa a tare ɓarɓashin, a binne shi a wuri mai tsarki. Idan wankewa ce, a yi da soso da bokiti, a zubar da ruwan a ƙasa mai tsabta, kada ya gangara kwata.

Sai dalilin da ya sa rubutun ya sake fitowa bayan kun shafa fenti. Fentin feshi da tawadar maka suna ɗauke da rini mai ƙarfi, musamman ja da baƙi, kuma fentin ruwa ba ya toshe shi, sai rinin ya ratso yayin da sabon fentin ke bushewa. A fara wanke wurin da ruwa da sabulu a bar shi ya bushe sarai, a ɗan goga samfefa don ƙyallin fentin feshin ya mutu, sannan a shafa fentin shimfiɗa mai toshe tabo, irin na mai, a bar shi ya kwana. Bayan nan a yi shafi biyu na fentin katangar, da tazarar awa biyu zuwa huɗu a tsakani. Lita ɗaya ta fentin ruwa tana rufe kusan murabba'in mita 10 a shafi ɗaya idan filastar mai santsi ce, don haka fuskar katanga mai tsawon mita 5 da tsayin mita 2 za ta ci lita biyu, mai kaushi kuma ta fi haka. A shafe daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi. Faci mai kusurwa huɗu a tsakiyar katanga allo ne aka shirya wa mai feshi.

Bulo ko siminti ko dutse da ba a yi wa fenti ba ya fi wahala, domin yana da ƙofofi masu tsotse ruwa. Kuskuren da aka fi yi shi ne kwarara masa tina, wato ruwan da ake tsinka fentin mai da shi: tana narkar da fentin ta tura shi ciki, a wayi gari da inuwar rubutu da ba ta fita. A nemi maganin cire fenti mai kauri wanda ke manne a bango, a bar shi gwargwadon mintocin da aka rubuta a jikin robarsa, a goge da buroshin roba mai tauri, a ɗauraye. Sau biyu ko uku a hankali ya fi sau ɗaya da ƙarfi. Buroshin ƙarfe yana karce fuskar bulo, ya bar ƙananan wayoyi da ke yin tsatsa. Injin feshin ruwa kuma, idan an matsa kusa ko an ƙure ƙarfinsa, yana sassaƙa siffar rubutun a jikin bango har abada. A sa masa baki mai faɗi, a tsaya kamar santimita 30 daga bango.

Ƙofar ƙarfe ana goge ta da tsumma da aka ɗiga wa tina kaɗan, ana juya tsumman zuwa wuri mai tsabta a kai a kai, bayan an gwada a lungun da ba a gani, don tina na iya cinye fentin ƙofar ma. Gilashi a jiƙa shi da ruwan sabulu a kankare da sabuwar reza a kwance. Roba ba ta jure tina da asiton (sinadarin da ake goge fentin farce da shi), suna dusar da ita ko su narkar da ita, sai a yi amfani da sifirit. Alli da gawayi a kakkaɓe su a bushe tukuna, don ruwa na dama gawayi ya shige filasta. A sa safar hannu da abin kare ido, a nisanci wuta da sigari, kada a haɗa magani biyu, kada a yi amfani da fetur, kada kuma a bar yara su riƙe waɗannan magunguna, su dai a ba su fenti da buroshi. Akwatin lantarki da transfoma ba naku ba ne, kuma ruwa a wurinsu halaka ne. Ku sanar da masu su.

Gaggawa ita ce rabin maganin. Cikin kwana ɗaya ko biyu fentin bai gama ƙanƙamewa ba, yana saurin fita, kuma wanda ya ga ana shafe sunansa kafin abokansa su gani yakan gaji ya bari. Don haka kowane gida ya ajiye ragowar fentinsa a rufe, a sa fitila a lungunan da aka fi ɓatawa, a shuka tsiro mai hawa bango ko mai ƙaya a gindin doguwar katanga. Akwai kuma wani shafi marar launi da ake yi wa bango don fenti ya kasa kama shi, wani irinsa da ruwan zafi ake wanke shi tare da rubutun sannan a sake shafawa. Kyamara ta halatta idan tana kallon ƙofarka da hanya. Wadda ke leƙa tsakar gidan maƙwabci ko tagarsa haramun ce, a karkatar da ita. Idan cikin samarin akwai mai baiwar zane, babu laifi mai katanga ya ba shi fili da yardarsa, muddin abin da zai zana bai ƙunshi hoton mai rai ko batsa ko aya a wurin da za a wulaƙanta ta ba.

Wallahu a'alam.