Tambayoyin Fasaha: Wayar da za a saya wa Baba, da layin da ke kwana a ƙasan akwati

Saƙonnin wannan makon sun fi karkata ga masu neman waya don mutumin da ba ya yawan kira. Su kuma waɗanda ke ta tambayata yadda za su karanta WhatsApp ɗin matansu daga nesa, su yi haƙuri, ba na wannan aikin.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifina yana wani ƙauye a gefen Darazo, ni ina aiki a cikin garin Bauchi. Ina so in saya masa waya, amma ba mai yawan kira ba ne, sau biyu ko uku a wata, wani lokacin ma sai a yi wata biyu bai taɓa ta ba. Ƙannena sun ce a haɗa kuɗi a saya masa babba mai shafawa. Ina kuma da wani tsohon layi da na daina amfani da shi, shi nake son in saka masa. Me ka gani? Daga wani malamin makaranta, Yelwa.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Ƙannenka wayar kansu suke son saya da sunan Baba. Ranar Sallah ɗaya daga cikinsu zai ce bari ya duba masa ita, daga nan sai labari. Ka je kasuwar Wunti ka ɗauko masa rakani-kashi, Nokia 105 ko ƙaramar itel ko Tecno, duk wadda ta fi kwanta maka. Babbar waya tana shan batir ko ba a taɓa ta ba, kwana biyu ta mutu, ita kuwa ƙaramar takan kai mako da caji ɗaya. Kafin ka biya, ka sa mai shago ya kira ta ka ji ƙararta a cikin hayaniyar kasuwa, ka duba ko lambobin da ke fitowa a fuskarta manya ne, tocilarta na da haske, rediyonta kuma na kamawa ba sai an soka abin kunne ba. Batirin ya zama mai cirewa, bakin cajin ya zama irin wanda ake samu a kowane gida. Ka saka masa lambarka a maɓalli na 2, ya danna ya riƙe ta kira ka. Zancen waya ya ƙare.

Tsohon layin naka ne ya tsaya mini a rai, kuma a kansa za ka sha wa'azi.

Tun Disambar 2020 gwamnati ta wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN. Layin da aka yi wa rajista da sunanka naka ne, ko shekara goma ya yi a aljihun Baba. Ran da wayar ta faɗa rijiya ko ta ɓace a kasuwar ƙauye, shi ba zai iya zuwa ofis a dawo masa da lambar ba, sai kai ka bar aji ka je ka tsaya a layi da kanka. To kai ɗansa ne, da sauƙi. Na ga waɗanda layinsu ke kan sunan tsohon maƙwabci da ya koma Legas, da wadda nata ke kan sunan mijin da ya sake ta, da masu sayen layin da aka riga aka yi wa rajista a bakin titi don ƙyuyar bin layi. Duk ranar da abu ya faru sai su zo suna cewa ai kowa ya san lambarsu ce. Kwamfutar kamfani ba ta san kowa ba. Ka ɗauki Baba da takardar NIN ɗinsa, a yi masa sabon layi da fuskarsa da yatsunsa. Yini ɗaya ne.

Sai batun watannin da yake yi bai taɓa ta ba. A ƙa'idar Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, layin da ya yi wata shida ba a yi komai da shi da ke kawo wa kamfani kuɗi ba, ana iya rufe shi. In ya ƙara wata shida a haka, lambar na iya komawa kasuwa a sayar wa wani. Banki kuwa ba ya samun labari. Yana nan yana aika alat da lambobin sirri na tabbatarwa zuwa lambar da ka ba shi shekaru biyar da suka wuce, wadda yanzu ke hannun mutumin da ba ka taɓa gani ba.

Bara wata gwaggona ta aiko mini da wayarta a duba. A cikin leda take, ledar a cikin safa, safar a ƙasan akwatin lefenta, kusa da turaren wuta. Batirin ya kumbura har ya ɗaga murfin. Na canza batir, na kunna, babu sabis. Na kira lambar daga wayata, sai ga wani saurayi ya ɗauka, ga ƙarar injin niƙa a bayansa, ya ce shi wata uku ke nan da sayen layin, kuma ya gaji da kiran matan da ke tambayar zubin adashi. Allah Ya sa mai amana ne, don da wannan lambar aka buɗe mata asusun da 'ya'yanta ke turo mata kuɗi. Da na tambaye ta dalilin ajiye wayar, cewa ta yi tana tattalin ta ne kada ta lalace. Washegari muka yini a banki ana canza lamba.

Don haka ga dokar gidanmu, wadda nake cusa wa duk wanda ya zauna kusa da ni: Juma'ar farko ta kowane wata, bayan an sauko daga masallaci, a kunna kowace waya, a saka mata ko na ɗari ne, a kira wani daga cikinta ya ɗauka a gaisa. Na ce ya ɗauka. Filashin ba kira ba ne, ko da yake na san a wurin wasunku shi ne iyakar zumunci. A ranar kuma a duba batir, domin batirin da aka bari ya mutu murus na tsawon watanni yakan ƙi tashi. In za a ajiye wayar da daɗewa, a bar ta da rabin caji, a wuri mai sanyi, nesa da taga da zafin Afrilu. Katin da aka ɓallo sim ɗin daga jikinsa kuma ka riƙe shi a wurinka, lambar PUK, wadda ake buɗe sim da ita in ya kulle, na jiki. Yadda jikoki ke wasa da wayar kakanni, za ka neme ta.

Tambaya: Malam, ina saka katin ɗari biyar, ban kira kowa ba, bayan kwana huɗu sai in ga saura naira talatin. Wa ke shanye mini? Daga wata uwa, Fadaman Mada.

Amsa: Hajiya, wani a gidan ya danna 1 lokacin da aka ce ya danna 1. Waƙar da masu kira ke ji ce, ko labarin ƙwallo, ko kacici-kacici, ana cira kullum. Ki danna *305# ki soke su, sannan ki tura STOP zuwa 2442 a daina turo miki tallace-tallace. Ki duba *303# ma, wataƙila autanki ya ci bashin kati da sunanki, ana zarewa da zarar kin saka. In an ci gaba, ki kira 300, in ba su saurare ki ba ki kira 622, layin ƙorafi na NCC, kyauta ne.

Tambaya: Wane tsarin kira ya fi arha ga wanda ba ya yawan waya? Ina ganin masu ninka kati sau da yawa. Daga wani tela, Azare.

Amsa: Ɗan'uwa, garaɓasar nan tana da wa'adi, kwanaki kaɗan ta ƙone, kuma da ita ake cajin kira da tsada. An yi ta ne don masu kwana a waya da budurwa. Akwai kuma tsarin da ke cire wani abu a kiran farko na kowace rana kafin ya sauko da farashi. Wanda kiransa bai wuce "kun tashi lafiya, a gaida yara" ba, kullum a wannan tsadar zai tsaya. Ka nemi tsari mai farashi ɗaya a kowace daƙiƙa, ba kuɗin rana. Tun da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025 lissafin da ka sani ya canza, ka sake dubawa. *310# zai nuna maka abin da ya rage, kafin kira da bayansa.

Tambaya: Wane kamfani ne ya fi sabis? Kuma in sayi mai layi biyu? Daga wani ɗalibi, Misau.

Amsa: Wanda ke kamawa a ɗakin da za a ajiye wayar. Ka ari wayar maƙwabta ka shiga ɗakin ka gwada, kada ka tambaye ni daga Bauchi. Kusan duk ƙananan wayoyin yanzu masu layi biyu ne, sai ka bar rami ɗaya ba komai. Wanda ya kasa ciyar da layi ɗaya, me zai yi da biyu?

Tambaya: Na koma sabuwar unguwa, layina ba ya kamawa, amma ba na son rasa lambar. Daga wani ɗan fansho, Ningi.

Amsa: Baba, tun 2013 ana iya ƙaura da lamba. Ka je ofishin kamfanin da kake son komawa da shaidarka, za su sa ka tura PORT zuwa 3232, ba a biyan ko kwabo. Ka ƙarar da katin da ke ciki kafin ka tafi, ba ya bin ka.

Tambaya: Wani ya yi mini tayin ƙaramar Nokia ta hannu a tasha, rabin kuɗi, ba kwali. In saya? Daga wani mai achaɓa, Toro.

Amsa: Kar ka saya. Bambancin kuɗin bai kai na zaryar ofishin 'yan sanda ba in ta zama ta sata. Ko sabuwa ce, ka danna *#06# a gaban mai shago, lambar da ta fito ta yi daidai da ta jikin kwali da ta ƙarƙashin batir, sannan ka karɓi rasit mai ɗauke da wannan lambar.