Amsa ga ƙaninmu mai son sayen tsohuwar Marsandi

Wa'alaikumus salam ƙanena. Na karanta tambayarka kan Marsandi 230E ƙirar 1983 da ka gani a Haraj, kasuwar saye da sayar da motocin hannu, wadda mai ita ya ce ta shekara shida a ajiye a ƙofar gida nan Jidda, kai kuma kana so ka saya ka riƙa gyara ta kaɗan-kaɗan daga albashinka. Wasu 'yan'uwa sun ce maka asarar kuɗi ce. Ni ba zan hana ka ba, don irinta ce a hannuna tun 2015, kuma ban taɓa nadama ba. Sai dai hotunan da ka turo duk na fenti ne da kujeru. Abu biyu nake son gani kafin ka miƙa ko riyal ɗaya: istimara, wato takardar rajistar motar, da kuma ƙarƙashin motar.

Fara da takarda, don mu baƙi masu igama, wato takardar izinin zama, nan ne muka fi cin wuya. Ba a mayar da mota sunanka sai istimararta na da rai, ta ci fahas, wato gwajin lafiyar mota na hukuma, tana da inshora, kuma an biya duk tarar da ke kanta. Motar da ta shekara shida a tsaye babu shakka duk waɗannan sun mutu, kuma ba za ta ci fahas ba sai ta tashi, birkinta da fitilunta na aiki. Ka ga ke nan za ka zuba kuɗi a motar da har yanzu sunan wani ke kanta. Ku zauna da mai ita ku rubuta wa zai ɗauki me, da shaidu. Ka duba sunan da ke istimarar da idonka. In na mamaci ne, sai magada sun fitar da takardar gado da wakilci, kuma wani lokaci ɗaya daga cikinsu ma ba ya ƙasar. In kuwa an riga an soke ta daga rajistar murur, wato hukumar kula da motoci da hanya, an miƙa lambarta, kamar yadda ake yi wa motocin da za a kai tashlih, inda ake kwance matattun motoci a sayar da kayansu, to kayan gyara ka saya, ba za ka hau titi da ita ba. Ka kuma gwada lambar shasi da ta takarda. Ta 230E mai ƙofa huɗu za ka ga 123223 a cikinta. In ka ga 123220, to 200 ce mai kafireto aka manna mata tambarin wata. Ka riƙe a ranka cewa baƙo mota biyu kawai ake bari ya mallaka, kuma ranar da za ka yi fitar ƙarshe ba a ba ka biza da mota a sunanka.

Sai ƙarfe. Mutane suna ɗauka motar Saudiyya ba ta tsatsa, wannan kuwa maganar Riyad ce da Ƙasim. Jidda bakin teku ce, iskarta gishiri da laima, ga ambaliyar 2009 da ta 2011 da suka nutsar da motoci ba iyaka, wasunsu aka wanke aka sayar. Ta farkon da na je dubawa lokacin da nake neman tawa, fentinta na ɗaukar ido, ashe kyan ɗan maciji ne. Na ɗaga shimfiɗar ƙafar direba, sai warin danshi ya buge ni. Na danna sukudireba a hankali, ƙarfen ya ruguje kamar busasshen ƙanzo, ina hango kwalta ta ramin. Mai motar da kansa ya yi shiru, ina jin shi ma bai sani ba. Don haka ka tafi da tocila da sukudireba da ɗan maganaɗisu. Ka cire batir ka duba mazauninsa, ka duba ramukan jak guda huɗu da ke gefe, da gindin gilashin gaba da na baya, da cikin but ta gefen tayoyi inda ruwa ke kwanciya. Duk inda maganaɗisu ya ƙi kamawa, ma'ajun, wato ƙullun cike lotsawar bodi, aka cika wurin da shi aka rufe da fenti. Aikin walda da gyaran bodi shi ya fi komai cin kuɗi a wannan harka, kuma samkari, wato mai gyaran bodi, da zai yanke ruɓaɓɓen ƙarfe ya dasa sabo da gaskiya ba shi da yawa a sana'iyya, unguwar makanikai.

Inji bai kai wannan tayar da hankali ba. Kamfanin ya ƙera irin wannan bodi, W123, daga 1976 zuwa 1986, kusan miliyan 2.7, shi ya sa har gobe ana samun kayanta sabo da na tashlih. Roƙona ɗaya, kada ka bari a jona batir a murza makulli don a nuna maka tana tashi. Tsohon fetur ya zama danƙo a tanki, kuma 230E ba kafireto gare ta ba, tsarin feshin mai na Bosch ne da ake kira K-Jetronic, dauɗa kaɗan ke toshe shi, masu iya gyaransa kuma yawanci tsofaffin makanikai ne da suke ƙarewa. A ɗauko ta a satha, wato motar ɗaukar motoci. A zubar da man, a wanke tanki, a cire fulogi a ɗiga mai a ramukan, a juya injin da hannu tukuna. A duba sarƙar taimin, don ta waɗannan shekarun layi ɗaya ce kuma tana saki.

Inda na ga ayyukan mutane da yawa sun mutu shi ne zumuɗi. Mutum ya kawo mota, a mako guda ya kwance ta kaf, kujeru a ɗaki, ƙofofi a garejin makaniki, notuna a gwangwanin madara. Bayan wata uku kuɗi ya yanke, bayan shekara ya manta me ke shiga ina. Ni tsarin da ya fisshe ni, ban taɓa barinta ta wuce wata guda ba ta motsa ba. Birki na fara yi da duk tiyo da robobi, sai lagireto da famfon ruwa, don zafin nan ba ya yafe wa tsohuwar mota. Sai tayoyi, ko da zanensu bai goge ba, ka karanta lambobi huɗun da ke gefe, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Na'urar sanyaya ciki ta zo daga baya, aka mayar da ita daga gas R12 zuwa R134a. Fenti sai a shekara ta biyar na yi shi. Duk abin da na kwance sai na ɗauki hotonsa, na sa a leda na rubuta sunansa. Jimillar abin da na kashe ya ninka kuɗin sayenta sau uku, kuma na san in na sayar ba zan mayar ba. Kada kuɗin cefane ko na aike gida ya shiga ciki, kuma ka gaya wa maiɗakinka gaskiyar lissafin tun farko.

Ina za ka ajiye ta? Baladiyya, wato hukumar gari, na manna wa motar da ta daɗe a titi takarda, in ba a ɗauke ba su janye. Lokacin rusau na 2022 da muka tashi daga unguwar Sabil, da ba tana tafiya da ƙafarta ba, da na rasa ta, don a makon nan neman satha ya fi neman gida wuya. Maƙwabcina da tasa ke kwance a kan duwatsu, a kilo ya sayar.

Mahaifina direba ne, irin wannan motar ya tuƙa wa maigidansa shekaru da yawa. Ranar da na fara kai shi masallacin Juma'a a tawa, ya rufe ƙofa, ya sake buɗewa ya rufe don ya ji ƙarar, sannan ya ɗora hannu a sitiyari ya daɗe bai ce komai ba. Saboda wannan ranar na saye ta.

Ka turo hoton istimarar ka rufe sunan mai ita, da na mazaunin batir da ramukan jak. In sun yi kyau, ranar Asabar bayan la'asar ba ni da aiki, sai mu je tare da tocilata. Allah ya zaɓa maka abin da ya fi alheri.