Kyanwar sito ta bar yashinta ta koma kan buhuna: amsoshin tambayoyin manoma

Tambaya daga wani manomi a Gadarif, ƙasar Sudan: Ina da muzuru a siton da nake ajiye dawa da riɗi saboda ɓeraye. A daron da na zuba masa ƙasa yake biyan buƙatarsa, amma tun da aka shigo da amfanin bana ya koma yi a kan buhuna. Na doke shi, bai daina ba.

Amsa: Malam, a fara ajiye bulalar. Kyanwa ba ta haɗa dukan da aka yi mata da fitsarin da ta yi ɗazu. Abin da take koya shi ne tsoronka, sai ta nemi lungun da ba ka gani, wato bayan buhunan.

Kafin komai ka tsaya ka kalli yadda yake yi. In yana tsugunawa sau da yawa, yana nishi ko kuka, fitsarin ɗigo-ɗigo ko da jini, yana yawan lasar gabansa, wannan ciwon mara ne. Muzuru hanyar fitsarinsa siririya ce, tana iya toshewa gaba ɗaya, kuma wanda ta toshe masa yana iya mutuwa cikin kwana biyu zuwa uku. A kai shi wurin likitan dabbobi a ranar. Kada a ba shi Panadol ko da ɓari ne, hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi, kashe ta yake yi. In kuwa a tsaye yake, ya juya wa buhu baya, jela a miƙe tana rawa, ya fesa kaɗan, to shaida yake sa wa wurinsa, galibi don wani muzuru na kewaya sito ko don baƙon warin sababbin buhuna. Maganin wannan fiɗiya ce a hannun likita, kuma mafi yawansu suna dainawa. Fiɗiya ba ta hana shi kamun ɓera.

In lafiyarsa ƙalau kuma tsugunawa yake, laifin daron ne. Baƙar ƙasar Gadarif da ta sha ruwa sai ta zama laka mai danƙo, in ta bushe ta daskare kamar tubali. Riɗi ko dawar da ta zube daga buhu kuwa busasshiya ce, mai laushi, mai daɗin tono. A wurinsa ita ce yashi mai kyau, kai ne ka kawo masa.

Ka samo yashin kogi mai laushi, ka tankaɗe, ka shanya ya bushe sarai. Zurfinsa a daro santimita 5 zuwa 7. Daron ya kai tsawon jikin muzurun sau ɗaya da rabi, yadda zai juya a ciki; babbar jarka da aka tsaga a kwance aka wanke tana yi, muddin ba ta maganin feshi ko ta mai ba ce. Kyanwa ɗaya daro biyu, a wurare daban-daban, nesa da abincinta da ruwanta, kuma ba inda ƙofa ke bugawa ba. A kwashe kashi da jiƙaƙƙen yashi kullum, a juye duka a wanke daron sau ɗaya a mako da sabulu marar ƙamshi. Toka ba ta dace ba, tana cin tafin ƙafa, kuma zai lashe ta.

Sannan a fitar da shi daga sito na mako ɗaya zuwa biyu. A sa shi a ƙaramin ɗaki mai iska wanda babu buhu, tabarma ko tsumma: daro a kusurwa ɗaya, abinci da ruwa a ɗaya kusurwar. A jefa ɗan kashinsa a yashin ranar farko. Bayan ya ci abinci da kamar minti 15 a ɗora shi a hankali a kan yashin, kada a danne shi. Sai ya jera kwana bakwai babu kuskure za a fara sakinsa a sito, da rana tukuna, ana lura. A lokacin an ɗora buhuna a kan katako, an ɗinke masu yoyo, an share ƙasa, an lulluɓe da tamfol. Hatsin da fitsari ya jiƙa a ware shi, ba na ci ba ne, ba na dabbobi ba.

Tambaya daga wata uwargida a Mai Wurno: Na wanke wurin da magena ta yi fitsari da Dettol, ta sake komawa. Me zan zuba?

Amsa: Hajiya, hancinki ne ya daina jin warin, nata bai daina ba. Dettol da danginsa guba ne ga mage, tana takawa ta lashe. Ki tsane fitsarin da tsumma, ki wanke da garin sabulun wanki da ruwa mai ɗumi, ki ɗauraye, sannan ki zuba ruwan khal (wato vinegar) da aka sirka da ruwa rabi da rabi, ki bari ya bushe. In daɓen ƙasa ne, a kankare saman a cike da sabuwa. Daga nan ki ajiye kwanon abincinta a daidai wurin na 'yan kwanaki, mage ba ta son ɓata inda take ci.

Tambaya daga wani mai kiwo a gefen Sinnar: Zan iya zuba yashin daron a taki?

Amsa: A'a, Malam. Kashin kyanwa na iya ɗauke da ƙwayar toksoplasma, wadda ke sa tumaki da awaki ɓari, tana kuma cutar da ɗan da ke cikin mace. Ƙwayar ba ta fara kama wani sai kashin ya yi kwana ɗaya zuwa biyar a waje, shi ya sa kwashewar kullum take da amfani, amma a ƙasa mai laima tana yin watanni da ranta. A haƙa rami nesa da rijiya da fadamar kayan lambu a binne. Dusa, ƙulin gyaɗa da harawa a rufe su yadda kyanwa ba za ta hau ba, musamman ƙananan kyanwoyi, su ne suka fi zubar da ƙwayar. Mai juna biyu kada ta taɓa daron. Wani ya kwashe da cebur, ya wanke hannu da sabulu.