Amsa: dokin da ke fizge kai idan an taɓa linzami

Malam, ka ce dokinka yana fizge kai duk lokacin da kake koya masa taƙama, wato tafiyar ƙasaita, ko ka ƙara masa bulala? A'a, kada ka doke shi. Cire linzamin, ka mayar da shi kan ragama na mako 2, sannan a duba bakinsa.

Nawa ma haka ya yi mini bara a ƙauye, ina ta zargin taurin kai ne. Da likitan dabbobi ya buɗe bakin, sai ga turamensa, wato haƙoran ciki na tauna, sun yi kaifi sun yayyanke kumatu, har dusa yake zubarwa yana ci. Aka goge haƙoran, ciwon ya warke, ya sauke kai da kansa. In bakin lafiya lau ne, to duba hannunka, wataƙila ja kake yi maimakon taɓawa ka saki.