Koala ya sauko harabar gida saboda zafi: me ya kamata a yi?

Ka ce kana zaune a birnin Adelaide na ƙasar Ostareliya, ka tarar da koala, wata dabbar ƙasar mai zama a kan bishiya, a gindin bishiya yana haki, kana tambaya ko ka ba shi ruwa a gora. Kada ka yi haka. Idan ya ɗaga kai yana sha daga gora, ruwan kan bi ta hanyar numfashi ya shiga huhu, ya jawo ciwon huhu da ke iya kashe shi. Koala lasar ruwa yake yi, kansa a sunkuye.

Ka samu faffaɗan kwano mara zurfi, mai nauyin da ba zai kife ba, ka zuba ruwa zalla, ka ajiye a inuwa kusa da bishiyar, ka ja da baya. Ka kulle karnuka. In akwai wurin ninkaya, ka ɗaura igiya mai kauri ta sauka cikin ruwan, domin yana iya iyo amma ba ya iya hawa bakin mai santsi.

Ganyen itacen turare ne ke ba shi yawancin ruwansa, kuma tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin zafi a can, ganyen kan bushe. Kada ka ɗauki koalan, faratansa kaifi gare su. Idan ya kasa hawa, ko idanunsa sun yi ja da kwantsa, kira masu ceton namun daji na yankinku nan take.